Yayana Mumuni Bai Taɓa Shiga Masu Jira Ba

Da sanyin bana shekara hamsin da ɗaya ke nan da ruwa ya ci yayana Mumuni a kogin Isa, ƙasa da Gaya kaɗan, ta wajen Tunuga. Ya rasu yana da shekara talatin ko kusa da haka, don a zamanin ba wanda ke rubuta ranar haihuwar ɗan masunci. Ni ƙanensa Tahiru yanzu na haura saba'in, furfura ta kai mini har gira, autana ma ya wuce shekarun da Mumuni ya yi a duniya. Duk da haka in na ce Yaya a raina, shi kaɗai nake nufi, kuma har yau nauyinsa nake ji.

Duk wanda ya tashi a garinmu bayan rasuwarsa labari ɗaya ya tarar. Wai Mumuni mai fito ya bi wani malami da ya tara mutane a gungu, wato tsibirin yashi na tsakiyar kogi, suna jiran tashin duniya. Wai ƙanensa ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ya haye don ya dawo da shi, ya kusa rasa ransa. Wannan labari ƙarya ne, kuma ba wanda ya fi ni sanin haka, domin da bakina aka ƙulla shi. Mumuni ya bar matarsa Zainabu da ciki, aka haifi 'ya mace bayan arba'in ɗinsa, aka sa mata Rabi. Yau Rabi ta yi jikoki, kuma duk tsawon rayuwarta ta ɗauka ubanta ɓatacce ne. Saboda ita nake wannan rubutu.

Mu Dendawa ne, mutanen bakin ruwa. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Mumuni ya gaji kwalekwalensa da tarunsa, ya gaji ciyar da Inna da ni. Da safe ya yi su, da rana ya yi fito, ya haye da 'yan kasuwa zuwa gaɓar Dahome ya dawo da wasu. Hausarsa ta kasuwa ce, mai karyayyen baya, ta isa ciniki amma ba ta isa gardama ba. Ni kuwa aka kama ni aka kai lakwal a Gaya, na zauna gidan wani Bahaushe abokin mahaifinmu, na fito da Hausa tas da Faransanci da takardar satifika. Mumuni ne ya saya mini takalmin farko da na taɓa sawa, shi da bai taɓa sa takalmi ba.

Da aka samu 'yancin kai na ɗauka ƙofar biro, wato ofishin gwamnati, za ta buɗe da kanta ta ce shigo. Na yi ta kai takarda ana ce mini gobe. Na ga waɗanda na fi su a aji sun zama komi, wato akawu, suna yawo da alƙalami a aljihun gaba, don suna da wanda zai tsaya musu. Shekara biyu ina zaune a gari da wando da takalmi, na fi ƙarfin riƙe taru a ganina, biro kuma ta fi ƙarfina. Masu iya magana sun ce girman kai rawanin tsiya, to ni na naɗa shi har da kunnuwa. Mumuni bai taɓa yi mini gori ba. In ya dawo daga ruwa sai ya zaɓi ƙarfasa mai kyau ya ce a gasa wa mushe, wato yallaɓai da Faransanci, yana dariya, ni kuma ina jin haushin dariyar.

A wannan hali malamin ya same ni. Ya zo bayan kaka daga can arewa, ƙasar rairayi da rijiyoyi masu zurfi, da mutane a bayansa, yawancinsu manoman tudu daga ƙauyukan Zabori da Karakara da gaba da su. Siriri ne, mai sanyin murya, ba ya cin abinci sai kaɗan. Wa'azinsa gajere ne. Ya ce Nasara ya naɗe tabarmarsa, wannan ita ce alamar ƙarshe, duniya ba ta da sauran damina. Ya ce an nuna masa a mafarki wani farin jirgi zai gangaro ta kogi ya kwashe waɗanda suka bar komai suka zauna jiransa, ya kai su Gabas kafin a naɗe ƙasa. Mutanensa sun cinye irin shukarsu kafin su taso, gero da dawar da manomi ba ya taɓawa ko yunwa za ta kashe shi. Suna ɗaura farin ƙyalle a wuya, kuma bayan salloli biyar sun ƙara wata tsayuwa da hantsi, su jeru a bakin ruwa su fuskanci inda kogi ke fitowa, ba ruku'u ba sujada. Mutanen gari suka sa musu suna Masu Jira.

Na sha tambayar kaina ko macuci ne. Ban yi zato ba. Ban taɓa ganin ya karɓi abin kowa ba, bukkarsa ta zana ta fi ta kowa yoyon iska. Mutum ne da ya yi mafarki ya gaskata mafarkinsa, ya kuma samu mutanen da duniya ta gajiyar da su. Abin da ya rasa shi ne sanin kogi. Shi da mutanensa ruwan sama kaɗai suka sani: in hadari ya haɗu tafki ya cika, in damina ta wuce ruwa sai ja da baya. Sun ga jan ruwan damina ya sauka, gungu ya fito fari ƙal, sai suka ce ga wuri mai tsarki da ba gonar kowa ba. Suka sa Mumuni ya haye da su, ni kuma na bi don kallo.

Duk ɗan bakin ruwa ya san kogin Isa sau biyu yake cika. Akwai jan ruwa na damina, akwai kuma baƙin ruwa, wanda muke ce wa hari bi, da ke isowa tsakiyar sanyi, sama tangararan ba ko ɗigon girgije. Ruwan wata ƙasa mai nisa ne, watanni yake yi a hanya kafin ya iso mu. Wannan gungu tsakanin ruwa biyun nan kawai yake nuna kansa, shi ya sa ko Bafulatani ba ya kwana a kansa da shanu. Tun a ranar farko Mumuni ya gaya musu da guntuwar Hausarsa. Suka yi masa godiya, wasu samari suka kwaikwayi maganarsa suna dariya, aka ci gaba da kafa bukkoki.

Kallon da na je yi ya zama zama. Malam ya ji ina Faransanci, ya zaunar da ni a damansa, ya ce Allah ya aiko masa da mai ido biyu, na boko da na ruwa. Tsofaffi masu gemu suka riƙa durƙusa mini. Wanda ya shekara biyu ba a tambaye shi ko ƙarfe nawa ba, ga shi ana neman ra'ayinsa a kan ƙarshen duniya. Ban san ranar da na ɗaura farin ƙyallen ba, na dai tashi na gan shi a wuyana. Ko na gaskata da jirgin? Wata rana na gaskata, wata rana ban gaskata ba. Abin da na tabbata ina so shi ne wurin zaman nan na dama da Malam.

Mai gari da liman suka yi shawara suka hana kowa haye musu da abinci ko itace, don yunwa ta koro su. Duk masu kwalekwale suka bi umarni sai Mumuni. Kullum bayan ya taso daga su sai ya biyo ta gungu da ƙwaryar shinkafa daga Inna da busasshen kifi, ya tsaya a bakin yashi ya aika a kira ni. Bai taɓa taka tsakiyar bukkokin ba. In azahar ta same shi a can, sai ya ja gefe ya yi sallarsa shi kaɗai ya fuskanci alƙibla kamar kowane Musulmi. Da ya ga yara suna kallon ƙwaryar, sai ƙwarya ɗaya ta zama uku. A gari aka daina sayen kifinsa, aka daina shiga kwalekwalensa, mata suka riƙa yi wa Zainabu habaici a wurin wanki. Liman ya kira shi ya yi masa faɗa, ya ce ya bar ni in ɗanɗana abin da na dafa. Mumuni ya ce da shi, Alfa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Yanzu na zo wurin da alƙalamina ke nauyi. Wata safiya da sanyi ya tsananta aka tashi aka ga ruwa ya hau yashi da kamar taki ɗaya, baƙi, garau, ba ƙasa a cikinsa. Gungu ya ɗauki kabbara. Malam ya fito yana hawaye, ya ce ga alamar, ana ɗaga kogi don jirgi ya samu hanya. Amma wani tsoho daga Karakara, mai jikoki biyar a wurin, hankalinsa bai kwanta ba. Ya ce, “Malam, mai fiton ga ya ce muna haka ruwan ga ka yi kowace shekara. Mi za mu yi da maganatai?” Malam ya juyo gare ni a gaban jama'a duka. Ya ce, “Ga ɗan ruwa nan, ga shi kuma da ilimin Nasara. Tahiru, ka taɓa ganin kogi ya cika babu hadari?”

Na ga baƙin ruwa sau ashirin da biyu a rayuwata kafin wannan safiya. A cikinsa na koyi iyo. Na dubi fuskokin da ke jiran bakina, na dubi wurin zamana, na ce, “Ban taɓa gani ba, Malam.” Tsohon ya sunkuyar da kai ya nemi gafara. Mata suka rangaɗa guɗa. Da na ɗaga ido sai na hangi Mumuni tsaye a bakin ruwa da ƙwarya a hannu, ya ji komai.

Bai ƙaryata ni a gaban mutane ba, kuma na daɗe ina jin haushinsa a kan haka, don da ya yi mini tsawa a ranar watakila da na farka. Ya jira har na zo karɓar abinci. Da Dendanci ya yi maganar, ga ta da Hausa yadda zan iya: “Tahiru, ranar da Inna ta haife ka baƙin ruwa na bakin ƙofarmu, da kwalekwale na ɗauko ungozoma. Ni ka ƙaryata, ba komi. Amma akwai yara a nan.” Na ce masa shi jahili ne, bai san abin da ke cikin littattafai ba. Ya ce gaskiya ne, bai sani ba. Ya miƙo mini ƙwaryar ya ce in ci da zafinta.

Ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Na yi shekara hamsin ina jujjuya wannan magana. Da na faɗi kalma ɗaya ta gaskiya a safiyar nan, da tsohon ya kwashe jikokinsa, da rabin gungu ya bi shi, da sauran sun biyo baya a hankali cikin kwana biyu ko uku, ruwa na kwance, ba gaggawa. Baƙin ruwa ba ya zuwa da gudu, kullum ɗan kaɗan yake ƙarawa, yana ba mai hankali lokaci. Kwana tara ya ba mu. Kullum Mumuni na zuwa, kullum yana roƙon a ba shi ko yara ne ya haye da su, kullum ana ce masa ɗan'uwansa mai ilimi ya riga ya ba da shaida. Ana janye bukkoki zuwa tudu ana waƙa.

A rana ta goma da hantsi, ana cikin tsayuwar jira, gaɓar yashi ta gabas ta rufta da bukkoki biyu, ruwa ya ratsa ta tsakiyar gungu ya raba shi. Waƙa ta koma kururuwa. Mumuni yana kusa, shi ya fara isowa. Masuntan garinmu, Allah ya saka musu, da suka ji ihun mata ba wanda ya tsaya tuna dokar mai gari, kwalekwale huɗu suka fito. Wuni guda ana kwasar mutane. Kowane ɗauka sai Mumuni ya maimaita musu magana ɗaya: ku zauna, kowa ya riƙe gwiwarsa, ko ruwa ya shigo kar wanda ya tashi. Shi ya haye da tsohon Karakara da jikokinsa. Shi ya haye da Malam, wanda ya zauna a tsakiyar kwalekwale ya rufe fuska da mayafi.

Ni kuwa na ƙi shiga. Duk wanda ya kira ni sai in ce a ɗauki wasu tukuna, mutane suna ganin jarumta ce. Kunya ce kawai. Na san a gaɓa Inna na tsaye, liman na tsaye, duk garin da ya san na san baƙin ruwa yana tsaye. Na gwammace in tsaya cikin ruwa har gwiwa da in taka wannan gaɓa. Da la'asar saura mu bakwai. Daga baya masuntan suka gaya mini sun ce wa Mumuni ya huta, ya gaji, su za su ɗauko sauran. Ya ce musu, “Kun gani da idonku ya ƙi naku. In ba ni na je ba, ba zai shigo ba.”

Ya zo. Ya kafa gorar tuƙi ya tsaya yana kallona har na shiga. Mun kai tsakiyar ruwa inda ya fi ƙarfi sai wani kututture da ruwa ya kwaso ya bugi gefenmu. Ba wani bugu ba ne, ɗan bakin ruwa ko gezau ba zai yi ba. Amma mutumin tudu in ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa miƙewa yake yi. Ɗaya ya miƙe, na biyu ya kama rigarsa ya miƙe, kwalekwale ya kife. Na fito sama na ga Mumuni yana tura wata mata zuwa bayan kwalekwalen ta kama. Na ga maza biyu sun rungume shi, ɗaya a wuya ɗaya a kugu, irin riƙon wanda bai iya ruwa ba, da ba ya saki. Na yi iyo wajensu, ruwa ya riga ni. Bayan kwana biyu masuntan Tunuga suka same su su uku cikin ciyawar burugu, har lokacin ba su sake shi ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidanmu ba haka aka yi ba. Ni na ja, wani ya sha dukan.

Kwana uku bayan haka jandarmomi suka zo daga Gaya yin bincike, suka tafi da Malam, ban sake jin labarinsa ba. Babbansu ba ya jin Dendanci, Hausarsa kuma ba ta da yawa, sai aka nemi mai Faransanci, aka turo ni. Na riga na cire farin ƙyallen. Ya tambayi wane ne ke kai wa mutanen nan abinci duk da hanin mai gari, aka ce Mumuni, ya rubuta shi a matsayin mai jirginsu kuma ɗaya daga cikinsu. Sannan ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce, kai kuma ɗan lakwal me ya kai ka can, ka je dawo da ɗan'uwanka ne ko? Shi da kansa ya shimfiɗa mini tabarmar, bai taɓa kawowa a ransa mai satifika zai bi irin wannan abu ba. Na ce, “Wi.” Wato e. Kalma ɗaya, ya rubuta.

Duk wanda ke tsaye a wurin ya san gaskiya, ba wanda ya tanka, domin Inna ta riga ta zagaya gidaje. Ta ce musu, “Ruwa ya ɗauke mini ɗaya, ba zan ba gidan kaso ɗayan ba. Wanda ya mutu ba a ɗaure shi.” Ban ga laifinta ba, uwa ce. Mutane suka yi mata kara, suka ce kala suru, sai haƙuri. Liman ya sallaci Mumuni ba tare da gardama ba, don ya san wanda yake sallata. Zainabu ma ta yi shiru saboda Inna, amma daga ranar har ta koma ga Allah ba ta sake duban fuskata ba, in na shigo ta ƙofa sai ta ba bango ido. Babban jandarman nan kuwa ya yaba da Faransancina, ya yi mini magana, kafin damina na zama komi a Doso. Aikin da na shekara biyu ina nema a kan gawar yayana na same shi.

Mun ɗauka abin na ɗan lokaci ne, in ƙura ta lafa kowa ya san gaskiya. Ba mu yi lissafin mutuwa ba. Inna ta tafi, liman ya tafi, masuntan nan huɗu suka bi ɗaya bayan ɗaya, Zainabu ta tafi da shirunta. Waɗanda suka sani suka ƙare, abin da aka faɗa wa yara ya rage. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma na ga wadda ta yi rami har ta haifi 'ya'ya a ciki. Ni na riƙe Rabi, ni na aurar da ita, Baba take ce mini. Na sha gaya wa kaina wannan riƙo ya biya. Da na yi ritaya na dawo Gaya, kowace Juma'a sai ta aiko mini da tuwon shinkafa da miyar kifi, wata rana ta kawo da kanta.

Nakan zauna in ce da Mumuni zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga kwalekwale da inji, zai yi dariya ya ce raggwaye. Zai ga yashi ya cinye wuraren da yake jefa taru. Zai ji lasifika ta ko'ina, masallaci na fuskantar masallaci, kowanne na cewa ɗayan ya ɓata. Zai ga yaro da wayar salula a kunne yana sauraron wani malami da bai taɓa gani ba, ya dawo gida ya ƙi cin yankan ubansa. Zai ji labarin samarin da ake ruɗa su shiga daji da makami da sunan Allah, abin da Masu Jira duk da ɓatansu ba su taɓa yi ba, don su kansu kawai suka cuta. Ba na jin zai yi mamaki sosai. Zai gane yunwar, irin tawa ce: saurayi ya yi karatu ko bai yi ba, ba aiki, ba mai tambayarsa, sai wani ya zo ya ce masa kai zaɓaɓɓe ne. Kuma na lura kowane irin wannan malami yana da Tahirunsa a dama, wani mai ɗan ilimi da ya san inda maganar ta karkace, yana gyaɗa kai don kar a tashe shi daga wurin zama.

Abin da na tabbata zai ba shi haushi shi ne saurin da muke yi mu sallama 'ya'yanmu. Yaro ya kauce, sai uba ya tsine masa a gaban mutane, a rufe ƙofa, a ce ya mutu. Mumuni bai iya hujja ba, ko aya ɗaya bai taɓa jawo mini ba. Abin da ya iya shi ne zuwa. Ya zo jiya, ya zo yau, gobe ma zai zo, da abinci a hannu, ya tsaya inda zan gan shi, don ranar da ƙasa za ta rufta in san ta inda zan fita. Ban ce wannan hanya ba ta da tsada ba. Ni na san abin da ta ci.

Watanni uku da suka wuce Rabi ta kawo mini tuwon Juma'a, ta zo da ɗanta na uku, wanda ya fara bin wasu masu wa'azi da ba ta yarda da su ba. Ta zaunar da shi a gabana don in yi masa faɗa. Kafin in buɗe baki ta ce masa, “Kai ba ka da labarin kakanka? Haka ya bi wani malami ya halaka kansa, ya bar ni a ciki, ya kusa jan Baba Tahiru. Ba don Allah ya tsare ba da su biyu za a rasa. So kake ka gaje shi?” Ta faɗi haka ne da kunyar uban da ba ta taɓa gani ba. Ina zaune da tuwonta a gabana. Na ce wa yaron ya ji maganar uwarsa. Wannan shi ne karo na uku da aka ba ni dama na zaɓi kaina, kuma a wannan karon ba jandarma, ba kaso, ba Inna da zan fake da ita.

Tun ranar na kasa cin tuwon Juma'a. Sau biyu na je gidanta da niyyar faɗa, na ƙare da tambayar lafiyar jikoki. Shi ya sa na zo jarida. A takarda aka ɓata sunansa, a takarda ya kamata a wanke shi, kuma abin da aka buga ba zan iya haɗiye shi ba in na ga idonta.

Me ya rage na Mumuni? Kabarinsa ya baje, ni kaɗai na san wurin. Ba shi da hoto. Kwalekwalensa ya ruɓe tun ina Doso. Amma a ƙauyukan Zabori da Karakara akwai gidaje cike da mutane, manoma da 'yan kasuwa da malamai, waɗanda kakanninsu suka haye a wannan yini cikin kwalekwalensa suna riƙe da gwiwoyinsu. Ba su san sunansa ba, kakannin ba su so a tuna. Akwai ni, da 'ya'yana, da jikokina, duk numfashin da muka yi a shekara hamsin da ɗaya daga hannunsa ya biyo. Akwai kuma Rabi, mai irin tafiyarsa da irin shirunsa, wadda ba ta iya ganin mai yunwa ta wuce.

Rabi, ɗanki zai karanta miki wannan, ni zan ba shi da hannuna. Ubanki bai taɓa ɗaura farin ƙyalle ba, bai taɓa tsayuwar hantsi ba, bai bar alƙibla ko sau ɗaya ba. Wanda ya bi malamin ni ne, wanda ya yi ƙaryar da ta tsayar da mutane a gungu ni ne, wanda ya ƙi shiga kwalekwalen kowa har ubanki ya dawo a gajiye ni ne. In za ki tsoratar da ɗanki, ki tsoratar da shi da ni. In kin daina aiko da tuwo, in kin daina ce mini Baba, kin yi daidai, uwarki ta riga ki. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ba don kaina ba. Shekara hamsin kina yi wa ubanki addu'ar Allah ya yafe masa ɓatansa. Ranar Juma'ar nan ki yi masa irin wadda ake yi wa mutumin kirki.